Rudolf Virchow: Likitan Da Ya Gano Inda Ciwo Yake Farawa

Duk mutumin Nguru ko Gashuwa wanda ya girma da fartanya ko komar kamun kifi a hannu, ya san yadda tafin hannu yake yin kanta. Haka ma ɗan dako a Ikko ko Badun ya san yadda kafaɗa take taurara. Mutumin da ya bayyana wa likitoci asalin wannan al'amari shi ne Rudolf Virchow, wani Bajamushe.

An haife shi ran 13 ga watan Oktoba, 1821, a garin Schivelbein, wanda yanzu yake cikin ƙasar Folan. Da yake iyayensa ba masu hali ba ne, sai ya shiga makarantar likitocin soja a birnin Balin, inda ba a biyan kuɗi. Ya gama a 1843, ya kama aiki a asibitin Charite.

A 1848 gwamnati ta aike shi lardin Silesiya don ya binciko wata annobar zazzaɓi. Da ya komo sai ya ɗora laifin a kan yunwa da talauci da rashin ilmi da sakacin mahukunta. Wannan magana, da kuma hannun da ya sa cikin boren da aka yi a shekarar, suka jawo masa fushin manya, har ya bar Balin ya koma jami'ar Wurzburg a 1849. Sai a 1856 aka sake kiransa.

A 1858 ya buga littafin da ya fid da sunansa. A ciki ya nuna cewa jikin ɗan Adam tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kowace kuwa daga wata take fitowa, abin da Robert Remak ya riga shi lura da shi. Ya ce ciwo daga cikin ƙwayoyin nan yake farawa.

Har wa yau ya rarrabe yadda suke yi in wahala ta same su. Wani lokaci kowace ƙwaya takan ƙara girma, kamar naman zuciyar mai hawan jini. Wani lokaci yawansu ne ke ƙaruwa, watau abin da ke kawo kanta. Sukan kuma sake kama, kamar yadda ake gani a maƙogwaron mai shan taba. In an bar su ba aiki sai su motse, kamar ƙafar da ta daɗe a ɗaure bayan karaya. Amma juriyarsu tana da iyaka. In nauyi ya wuce kima sai su mutu.

Wannan ilmi ya shafi mutanen Gashuwa da kewaye, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana cin rayuka. In wani sashen ƙoda ya lalace, sauran yakan ƙara girma ya ɗauki aikin. Saboda haka mutum sai ya yi shekaru yana harkokinsa ba ya jin kome, alhali ɓarna tana ci gaba. Hawan jini, da ciwon sukari, da yawan aiki cikin zafin rana ba tare da isasshen ruwan sha ba, da shan magungunan kashe ciwo barkatai, duk suna ƙara mata nauyi. Awon jini da na fitsari ne ke tona ciwon da wuri. Wanda yake aika kuɗi gida, ya kyautu ya haɗa da na awon iyaye.

Virchow bai tsaya a asibiti kaɗai ba. Daga 1859 ya zama ɗan majalisar birnin Balin, ya dage har aka gina magudanan ƙazanta, aka kuma riƙa duba nama kafin a sayar. Amma fa shi ma ya yi kuskure, don ya daɗe yana shakkar masu cewa ƙananan halittu daga waje su ne ke haddasa cututtuka da dama.

A watan Janairu na 1902 ya faɗi wajen sauka daga jirgin cikin gari, ya karye a cinya. Bai sake samun lafiya sosai ba, ya rasu ran 5 ga watan Satumba, yana da shekara 80.