Firedirik Bantin, likitan da ya samo insulin

An haifi Firedirik Bantin a shekara ta 1891, a garin Alistan na ƙasar Kanada. Ɗan manomi ne, kuma shi ne autan gidansu. Ya yi karatun likita a birnin Toronto. Lokacin yaƙin duniya na farko ya yi aikin jiyyar sojoji, har aka ji masa rauni a Faransa a 1918.

A zamanin nan, in ciwon sukari ya kama yaro, to sai jiran ajali. Yaron ya dinga shan ruwa, yana yawan fitsari, yana ramewa, ko da yana cin abinci. Dalili kuwa, akwai wata tsoka bayan tumbi, ana kiranta pankiriyas. Ita ke yin wani ruwa mai shigar da sukari cikin naman jiki. Sunan ruwan insulin. In babu shi, sukari sai ya taru cikin jini.

A 1921 Bantin da wani ɗalibi, Carlis Bes, suka ciro ruwan nan daga pankiriyas. Suka yi wa karnuka masu ciwon allura, sukarin jininsu ya sauka. A watan Janairu 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar, ya farfaɗo.

A 1923 aka ba Bantin lambar Nobel tare da Farfesa Makilawud, ba a sa sunan Bes ba. Abin ya ɓata wa Bantin rai, sai ya raba kuɗinsa biyu, ya ba Bes rabi. Ya rasu a 1941, cikin haɗarin jirgin sama.

Amma insulin ba ya warkarwa, rai kawai yake riƙewa. Sai bayan rasuwar Bantin aka gane tushen ciwon ga yara. Cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi, su ne dakarun da ke yaƙar cuta. Wani lokaci sukan ɓata hanya, kamar karen gida da ya faɗa wa awakin maigidansa, su kashe ƙwayoyin da ke yin insulin.

A 2022 Amurka ta yarda da wani magani, teplizumab. Yana manne wa dakarun nan, ya rage masu kuzari. Yakan jinkirta bayyanar ciwon da kamar shekara 2. In ciwon ya riga ya bayyana kuwa, ko a Toronto ko a Gazawa, allurar Bantin ake yi wa yaro kullum.