NANA ASMA'U DA MIJINTA WAZIRI GIƊAƊO

A wannan fitowa za mu kawo muku tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ita da mai gidanta Giɗaɗo ɗan Laima. Muna da rabo cikin wannan tarihi, domin mahaifinta a ƙasarmu aka haife shi, a Maratta kusa da Galmi, cikin 1754.

An haifi Asma'u a ƙauyen Ɗegel cikin 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hasan. Tana da shekara kamar 11 aka yi hijira zuwa Gudu, cikin 1804, ta sha tafiyar ƙasa da yunwa da zaman sansani tare da jama'ar Shehu. Wajen 1807 aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo, aminin wanta Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu cikin 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuwa shi ne wazirinsa.

Gidansu na Sakkwato bai rabu da baƙi ba. Malamai da manzannin sarakuna da matafiya duk nan ake saukar da su. Har Baturen Ingila Kilafaton, da ya zo cikin 1824, a hannun Giɗaɗo ya zauna. Shi ne kuma mai kula da gyaran masallacin Shehu da ƙofofin birni. Unguwar da ya zauna har yau Giɗaɗawa ake kiran ta.

Ita kuwa Asma'u malama ce, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta lura matan ƙauye ba su da halin barin gidajensu su zo birni neman karatu. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali da amana, ta naɗa su jajoji. Kowace jaji takan ba ta malfa da jan ƙyalle, alamar muƙami. Jaji kan taso daga ƙauyensu a ƙasa, da tsofaffi da 'yan mata, su zo wurinta su haddace waƙoƙin da ke koyar da salla da tsarki da zaman lafiya da maƙwabci, sa'an nan su koma su koya wa matan aure a cikin gida. Su ne 'Yan Taru.

Ba su zuwa hannu sake. Sukan zo da hatsi da zuma da man shanu da tufafi, ita kuma ta raba wa mabukata. In sun koma gida, su ne masu jinyar marasa lafiya da wankan gawar mata da sharar masallaci. Da ɗaya daga cikin jajojinta, Hauwa'u, ta rasu, Asma'u ta yi mata marsiyya kamar yadda ta yi wa manyan gidansu.

Bayan rasuwar Bello cikin 1837, mijin da matar suka duƙufa rubuta tarihin Shehu da na Bello don 'yan baya, shi da zube, ita da waƙa. Ɗansu Abdulƙadir ya gaji wazirci, Waziri Junaidu da ya rasu cikin 1997 daga zuriyarsu yake. Giɗaɗo ya riga ta rasuwa. Ita ta cika cikin 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.

To, 'yan'uwa na Ikko da Abijan da Kano, abin da ya sa muka kawo wannan ke nan. Waɗannan bayin Allah suna zaune birni, amma alherinsu ya kai ƙauye, kuma sun ɗora shi a hannun amintattu, shi ya sa bai mutu da mutuwarsu ba. Asusun ƙungiyarmu ma haka yake bukata. Kowa ya aiko da nasa kafin damina ta faɗi, a kuma sa iyayenmu mata cikin shawarar rabo, don su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Allah ya jiƙansu, ya ba mu albarkacinsu, amin.