Labarin Ibnu Haldun, Magatakardan Sarakuna, Alƙalin Alƙalan Masar

Cikin mutanen da waɗanda suka riƙe alƙalami a ƙofar sarakuna, kaɗan ne suka ga fadodi da yawa kamar Abdurrahman ɗan Muhammadu, wanda aka fi sani da Ibnu Haldun. Ya yi wa sarakunan Tunis da Fas da Garnada da Bijaya da Masar aiki. Ya sha naɗi ya sha tuɓewa, ya kwana a fada ya kwana a kurkuku. Abin da ya tsinta cikin wannan yawo shi ya tara ya rubuta, domin a san abin da ke tsai da mulki da abin da ke rushe shi. Saboda haka ya kamata duk wanda aka damƙa wa littafin haraji, ko mabuɗin baitulmali, ko takardun shari'a, ya san labarinsa.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haife shi a birnin Tunis ran 1 ga watan Ramalan, shekara ta 732 daga Hijira, watau 27 ga Mayu 1332. Asalin gidansu Larabawan Hadaramautu ne na ƙasar Yaman. Kakanninsa suka ƙaura zuwa Andalus, suka zauna a birnin Ishbiliya shekaru aru-aru suna cikin manyan gari. Da suka ga Nasara sun matso, sai suka ƙetare teku tun kafin a ci garin cikin 1248, suka tare a Tunis. Kakan ubansa ya riƙe baitulmalin Tunis, har wani ɗan tawaye ya ci garin, ya kama shi, ya ƙwace dukiyarsa, ya kashe shi. Ubansa kuwa ya guje wa fada, ya zauna ga karatu.

Yaro ya hardace Alƙur'ani, ya karanta hadisi da nahawu da fiƙihun Malikiyya, sa'an nan ya koyi lissafi da manɗiƙi wurin wani babban malami, Al'abili. Yana da shekara goma sha shida sai babbar annoba ta 1348 ta faɗa wa Tunis. Ta ɗauke uwarsa da ubansa da yawancin malamansa.

Yana da wajen shekara ashirin aka ɗauke shi aiki a fadar Tunis. Aikin nan ƙarami ne ƙwarai. In an gama rubuta wasiƙar sarki, shi ke sa kalmomin godiya ga Allah da manyan baƙaƙe tsakanin Bisimilla da jikin wasiƙa, alamar cewa daga fada ta fito. Daga wannan ɗan aiki ya fara.

YAWONSA A FADODI

Cikin 1354 ya tafi Fas ta ƙasar Maroko, Sarki Abu Inan ya sa shi cikin magatakardansa. Ba a daɗe ba aka tuhume shi da haɗa baki da wani tuɓaɓɓen Sarkin Bijaya wanda a ke tsare da shi a Fas. Aka jefa shi kurkuku cikin 1357, ya yi kusan shekara biyu, bai fita ba sai da Abu Inan ya rasu. Da ya fito sai ya taimaki Abu Salim ya hau gadon sarauta, shi kuwa ya saka masa da riƙon wasiƙun asiri, daga baya ya ɗora shi kan sauraron ƙarar waɗanda aka zalunta. Cikin 1361 aka kashe Abu Salim.

Sai ya ƙetare zuwa Garnada, wurin Sarki Muhammadu na Biyar da wazirinsa Ibnul Haɗib, mashahurin marubuci. Cikin 1364 aka aike shi Ishbiliya wurin Fedro, Sarkin Kastila, kan maganar sulhu. Fedro ya ga hankalinsa, ya nemi ya zauna wurinsa a mai da masa da gonaki da gidajen kakanninsa. Ya yi godiya, ya ƙi, ya koma wurin wanda ya aiko shi. Amma da waziri ya ga baƙon nan yana neman kusantar sarki fiye da kima, sai zumunci ya yi sanyi.

Ana nan sai abokin nan nasa na Fas ya koma kan sarautar Bijaya, a gaɓar tekun Aljeriya ta yanzu, ya kira shi cikin 1365 ya ba shi riƙon ƙasa duka. Shi da kansa ya ke hawa duwatsu karɓar haraji wurin kabilun Barbar. Shekara guda ke nan sai Sarkin Kusanɗina ya kawo yaƙi, aka kashe Sarkin Bijaya, Ibnu Haldun kuwa ya buɗe wa mai nasara ƙofar gari. Daga nan ya yi shekara tara yana kai da kawowa tsakanin Larabawan daji, yau yana tara wa Sarkin Tilimsan mayaƙa, gobe yana tara wa Sarkin Fas. Ba a ɓoye wannan cikin labarinsa: a shekarun nan ya sauya iyayengiji da yawa, har babu sarkin da ya amince da shi sosai. Abokinsa Ibnul Haɗib ma a kurkukun Fas aka shaƙe shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

LITTAFINSA

Cikin 1375 ya bar fada, ya kwashe iyalinsa ya fake wurin kabilar Aulad Arif, a wani gida mai ganuwa da a ke kira Ƙal'atu Ibni Salama, yamma cikin ƙasar Aljeriya. Ya zauna nan kusan shekara huɗu. A nan ya fara babban tarihinsa, Kitabul Ibar, ya kuma rubuta gabatarwarsa, watau Muƙaddima, cikin wata biyar a shekarar 1377. Gabatarwar nan ita ta fi littafin kansa suna.

Farkon abin da ya kafa shi ne kada a karɓi labari don an ji shi daga bakin babba. A auna shi da abin da aka sani na halin duniya. In an ce rundunar wane ta kai dubu ɗari kaza, a tambaya wace ƙasa ce za ta iya ci da su, wane fili kuma zai ɗauke su.

Sa'an nan ya duba yadda dauloli ke tashi. Ya ga mutanen daji, waɗanda wahala ta haɗa kansu, su ke cin birane, don kowa cikinsu yana iya mutuwa saboda ɗan'uwansa. Wannan haɗin kai shi ya kira asabiyya. Amma in sun zauna birni sai daɗi ya shige su. Wanda ya kafa gida ya san wahalar da ya sha. Ɗansa ya gani da ido, ya koya. Jika ji kawai ya yi, yana kwaikwayo. Na huɗu kuwa tsammani ya ke girma haƙƙinsa ne na haihuwa, sai ya raina waɗanda suka ɗaga gidan, su kuma su janye. A lissafinsa daula ba ta cika wuce shekara 120 da ƙarfinta ba.

Inda ya fi tsawaita bayani shi ne wajen haraji. A farkon daula abin da a ke ɗora wa kowane mutum kaɗan ne, amma abin da ke shiga baitulmali da yawa, domin manomi da ɗan kasuwa sun san abin da suka samu zai zauna hannunsu, sai su ƙara himma. In fada ta saba da alatu sai kuɗi su kasa. A ƙara haraji, a ƙirƙiro kuɗin kasuwa da na ƙofa. Talaka ya auna wahalarsa da abin da ya rage masa, ya ga babu riba, ya rage noma ko ya ƙaura. Abin da a ke tarawa ya ragu, masu mulki su sake ƙarawa don su cike giɓi, har ƙasa ta zama kufai.

Ga ra'ayinsa zalunci ya fi ƙwace da ƙarfi faɗi. Karɓar abin da shari'a ba ta ɗora ba zalunci ne. Sa mutane aikin tilas ba lada zalunci ne, yana ma cikin mafi muni, gama ƙarfin talaka shi ne jarinsa. Mai mulki ya shiga ciniki, ya saya da arha bisa tilas ya sayar da tsada bisa tilas, shi ma zalunci ne. Ya kuma lura da cewa babbar ƙasa ba ta nuna ciwon nan da wuri, don arzikinta da yawa, sai a hankali ta ke zagwanyewa, har mai yi ya zaci ba kome. Game da ma'aikata, ya nuna sarki ya fi bukatar masu takobi a farkon daula da ƙarshenta, amma a tsakiya, lokacin zaman lafiya, masu alƙalami ke ɗauke da ita.

Tarihinsa ya kai har ƙasashen Baƙar Fata. Yawancin abin da aka sani na jerin sarakunan Mali, tun daga Mari Jata har Mansa Musa mai hajjin 1324 da magadansa, daga gare shi aka samo. Ya ba da labarin Mari Jata na Biyu, wanda ya aika wa Sarkin Fas kyautar raƙumin dawa, ya wawashe baitulmali da almubazzaranci, ciwon barci ya kashe shi.

ALƘALANCINSA A MASAR

Ya koma Tunis cikin 1378, amma hasadar malamai da fadawa ta hana shi sakewa. Ya nemi izinin tafiya hajji, ya shiga jirgin ruwa cikin 1382 ya sauka Iskandariya, ya wuce Alƙahira. Ya fara karantarwa a masallacin Azhar. Sarki Barƙuƙ ya ji labarinsa, cikin 1384 ya naɗa shi Alƙalin Alƙalan Malikiyya, gama a zamanin nan kowace mazhaba cikin huɗun nan tana da babban alƙalinta a Alƙahira.

Abin da ya tarar a majalisar shari'a ya ba shi tsoro. Shaidun da aka amince wa su sa hannu a takardun ciniki da gado, da yawansu yaran manyan sarakunan yaƙi ne, ana sayen shaidarsu. Masu ba da fatawa kan ba mai ƙara tasa, su ba wanda aka yi ƙara tasa, shari'a ta ƙi ƙarewa. Dukiyar wakafi kuwa ana sayar da ita da takardun ƙarya. Alƙalai sun sani, sun kau da kai don tsoron manya.

Ibnu Haldun ya binciki shaidun, ya kori na kora, ya hori na horo. Ya hana jahilai ba da fatawa. Ya ƙi karɓar gaisuwa, ya ƙi jin kamun ƙafa ko daga wa ya fito. Ko tufafinsa na mutanen Magrib bai sauya da rigar alƙalan Masar ba. Nan da nan waɗanda ya toshe wa hanyar ci suka haɗa kai suka kai ƙararsa fada. Sarki ya tara malamai aka bincika, ba a same shi da laifi ba. Amma a kwanakin nan ne jirgin da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariya. Baƙin ciki ya haɗu da ƙiyayyar mutane, aka sauke shi cikin 1385, bai cika shekara guda sosai ba. Ya koma karantarwa, ya yi hajji cikin 1387.

Akwai wani tuntuɓe da ya yi a nan. Cikin 1389 waɗansu sarakunan yaƙi suka tuɓe Barƙuƙ, suka sa malamai su sa hannu a takardar fatawar yaƙarsa, Ibnu Haldun yana cikinsu. Shekara ta kewayo Barƙuƙ ya komo kan mulki, takarda kuwa tana nan da sunan kowa. Ya rasa shugabancin zawiyar Baibaras saboda haka, sai 1399 aka mai da shi alƙalanci. Bakin alƙalami ya fi gaban mai shi daɗewa.

GAMUWARSA DA TAIMUR

Barƙuƙ ya rasu cikin 1399, ɗansa Faraj ya gaje shi yana yaro. Ƙarshen 1400 Taimur Gurgu, Sarkin Samarƙandu, wanda ya riga ya ci Farisa da Dilli ta Hindu, ya auka wa ƙasar Sham. Faraj ya fita da runduna zuwa Dimashƙa, ya tafi da malamai har da Ibnu Haldun. Da ya ji ana ƙulla masa makirci a gida sai ya juya da dare, ya bar garin kewaye da abokan gaba. Cikin Janairu 1401 aka zuro tsohon nan mai kusan shekara saba'in da igiya ta kan ganuwa, ya tafi sansanin Taimur. Ya yi kwana 35 yana zuwa wurinsa. Taimur ya tambaye shi labarin ƙasashen Magrib, ya sa ya rubuta masa bayaninsu, har ya sayi alfadarinsa. Ya samo wa waɗansu ma'aikata takardar aminci, amma garin bai tsira ba, aka washe shi, babban masallacin Banu Umayya ya ƙone. A hanyar komawa 'yan fashi suka tsare shi suka tuɓe masa kaya, da ƙyar ya isa Alƙahira.

RASUWARSA

Sauran kwanakinsa ya ƙare su tsakanin naɗi da tuɓewa. Sau shida aka ba shi alƙalanci, sau biyar aka karɓe, halinsa a majalisa kuwa bai sauya ba. Ya rasu yana kan na shidan, cikin watan Ramalan 808, watau Maris 1406, yana da shekara 76 ta lissafin wata. Aka binne shi a maƙabartar Sufaye, bayan ƙofar birni da a ke kira Babun Nasari.

Malaman daular Turkawa sun karanta Muƙaddima suna neman dalilin raunin daularsu. An buga ta a Masar cikin 1857, a Faris ta Faransa cikin 1858, aka juya ta dukanta da Ingilishi cikin 1958. Sarakunan da ya yi wa aiki ba mai tuna yawancinsu sai masu binciken tarihi.

Mai neman aibinsa zai samu, gama ya bi iska a ƙuruciya, ya kuma sa hannu inda bai kamata ba a girma. Amma sa'ad da aka ba shi shari'ar talakawa bai sayar da ita ba, ko da ya ke ya san abin da zai biyo baya. Abin da ya bari ga kowane ma'aikaci shi ne, kwabon da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba daga jikin ƙasa aka yanke shi, ko da ba a ga jini ran nan ba. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.