Taƙaitaccen Tarihin Farfesa Wu Chien-Shiung (1912–1997)

An haifi Wu Chien-Shiung a shekarar 1912, ta kuma tashi a garin Liuhe da ke kusa da Shanghai a ƙasar Sin. Ta fara karatu a makarantar 'yan mata ta Mingde, wadda mahaifinta ya kafa. Ta sami digirin farko a kimiyyar fiziks a birnin Nanjing a 1934, sannan ta tafi Amurka a 1936, inda ta kammala digiri na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1940.

Duk da shaidar da malamanta suka yi mata, jami'ar ba ta ɗauke ta koyarwa ba. A lokacin manyan jami'o'in Amurka ba kasafai suke ba mace ko ɗan Asiya kujerar malanta ba, kuma dokar 1882 da ta hana Sinawa zama 'yan ƙasa ba a soke ta ba sai a 1943. Don haka ta koyar a Kwalejin Smith ta mata zalla, daga nan ta koma Princeton. A 1944 ta shiga aikin bom na nukiliya a Jami'ar Kolombiya, amma sai a 1952 aka ba ta muƙamin mataimakiyar farfesa.

Babban aikinta ya zo a 1956. Masana biyu, Lee da Yang, sun yi shakkar ƙa'idar da ke cewa ƙwayoyin zarra ba su bambanta dama da hagu a ɗabi'arsu. Wu ce ta tsara gwaji da sinadarin kobal a cikin matsanancin sanyi, ta tabbatar da cewa ƙa'idar ba ta aiki a ko'ina. A 1957 aka ba Lee da Yang kyautar Nobel, ba a sa sunanta ba.

Ta zama cikakkiyar farfesa a 1958, amma ba a daidaita albashinta da na takwarorinta maza ba sai a 1975, shekarar da ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana fiziks ta Amurka. Ta sami kyautar Wolf a 1978.

Tarihinta ya nuna cewa shiga zauren jami'a daban, samun haƙƙi a cikinsa daban, domin kowane matsayi ya iske ta ne bayan ta daɗe da cancantarsa. Ta rasu a birnin Niyok ranar 16 ga Fabrairu, 1997, aka mayar da tokarta harabar makarantar Mingde.