Mu tuna da gola Best Ogedegbe

Edita, ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in tuna wa masu gardamar gwanin gola a Mafara, Bakura da Maradun da marigayi Best Ogedegbe. An haife shi a 1954. Yana cikin 'yan IICC ta Ibadan da suka ciwo kofin Afirka a 1976. A 1980 kuwa shi ke tsaron raga a Legas ranar da Green Eagles ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema, Shugaba Shagari ya miƙa masu kofi. Ya rasu a Ibadan a 2009.

Samarinmu sun haddace gololin Turai, namu kuwa ko oho. Don Allah dattawa, ku riƙa ba su labari.

Daga mai son ƙwallo,
Talata Mafara.