Dokta Eugène Jamot: likitan da ya yaƙi ciwon barci a Kamaru

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya Yaounde ya san Asibitin Jamot, amma kaɗan ne suka san mai sunan. An haifi Eugène Jamot ranar 14 ga Nuwamban 1879 a Saint-Sulpice-les-Champs, cikin yankin Creuse a tsakiyar Faransa. Gidansu gidan manoma ne. Ya karanta kimiyyar halittu a Poitiers, ya koyar a makaranta a Aljeriya, sannan ya kammala karatun likita a Montpellier a 1908. Bayan shekara biyu yana duba marasa lafiya a ƙauyen Sardent, sai ya shiga sashen likitocin sojan mulkin mallaka a 1910, aka tura shi Cadi.

Yaƙin duniya na farko ne ya fara kawo shi Kamaru, a matsayin likitan rundunar Faransa da ta yaƙi Jamusawa. Daga 1917 zuwa 1919 ya yi aiki a Ubangi-Shari, inda ya duba mutum kusan 90,000, ya samu fiye da 5,000 ɗauke da ciwon barci, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa.

A 1922 ya dawo Kamaru ya kafa sansaninsa a Ayos, bakin kogin Nyong, inda cutar ke cinye ƙauyuka. Bai zauna yana jiran marasa lafiya a asibiti ba. Ayarin ma'aikatansa ne ke bin ƙauye-ƙauye, a tara jama'a, a lalubi kaluluwar wuyan kowa, a ɗebi ruwanta ko jini a duba da madubin likita, wanda aka samu da cutar a yi masa allura nan take. Yawancin masu wannan aiki 'yan Kamaru ne da ya horar, kowa da abu guda da ya ƙware a kai. Ya kuma hau arewa ya binciki cutar a bakin kogunan Logone da Shari. A 1926 gwamnatin Faransa ta kafa hukuma ta musamman a ƙarƙashinsa, cikin 'yan shekaru mace-mace suka ragu ƙwarai.

Sai dai aikin na tilas ne. Sarakuna da masu gari ne ke tattaro mutane da umarnin Turawa, kuma babu mai ikon ƙin allurar. Magungunan lokacin, atoxyl da tryparsamide, suna da sinadarin arsenik mai lahanta ido. A ƙarshen shekarun 1920, wani matashin likita a yankin Bafia ya ƙara yawan maganin fiye da ƙima, mutane kusan 700 suka makance. A 1931 hukuma ta ɗora wa Jamot alhakin abin a matsayinsa na shugaba, aka hana shi komawa Kamaru.

A 1932 aka tura shi Wagadugu ya jagoranci yaƙi da cutar a Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda Nijar ke cikinta. Cikin kusan shekara uku ayarinsa ya gano masu ciwon barci kimanin 70,000, amma bai samu goyon bayan manyan hukuma ba. Ya koma Sardent a 1936 ya ci gaba da aikin likitan ƙauye, ya rasu a can ranar 24 ga Afrilun 1937, yana da shekara 57.

Tarihin iyalinsa ya rabu tsakanin nahiyoyi biyu, domin a Kamaru ya zauna da wata Bafulatana, suka haifi 'ya'ya. Mai neman sawunsa zai same shi a gidan tunawa da shi a garin haihuwarsa, da wurin tunawa da aka gina masa a Yaounde.

Ciwon barci ya ja baya ƙwarai a Kamaru, amma ƙudan tsando bai tafi ba. Makiyayan Poli da sauran yankin Faro har yau suna fama da sammore, ɗan'uwan wannan cuta da ke kama shanu.