Jerzy Neyman da Kurakurai Iri Biyu

Kowace shekara in na zauna duba takardun jarrabawa, sai in tuna da wani masanin lissafi mai suna Jerzy Neyman. Ban taɓa ganinsa ba, amma ya sha hana ni barci.

An haife shi a 1894 a garin Bendery, cikin daular Rasha, iyayensa kuwa mutanen Folan ne. Ya yi karatu a Karkof, ya koma Folan a 1921, ya sami digirin dakta a Warso a 1924. Da shekara ta kewayo sai ya tafi Landan, ya yi abota da Egon Pearson. Ko da suka rabu, ba su bar aiki tare ba, sai ta wasiƙa.

Cikin rubuce-rubucensu na 1928 da 1933 suka bayyana cewa mai gwaji yana iya yin kuskure ta hanya biyu. Likita ya gwada jini ya ce akwai cuta, alhali mutumin lafiyarsa ƙalau: wannan shi ne iri na farko. Ko kuwa ya ce babu kome, ya sallami majiyyaci da cutarsa: iri na biyu ke nan. To, ga inda gizo ke saƙar. In ka matsa wa ɗaya, sai ɗayan ya ƙaru, sai fa in ka ƙara yawan abin da ka gwada. Saboda haka suka ce a fara yanke iyakar na farko, misali 5 cikin 100, sa'an nan a zaɓi gwajin da zai fi rage na biyu.

Ku da za ku zama malamai, haka jarrabawa take. In na sassauta maki, sai wanda bai iya ba ya wuce, ya je ya ɓata yara arba'in. In na tsananta, sai in kā da wanda ya iya. Na taɓa kā da wani yaro saboda maki biyu kacal, a kan takarda guda. Da ya sāke zama ya fi kowa, ashe ran nan zazzaɓi yake yi. Shekara guda ta tafi masa, kuma hannuna ne ya sa.

Ronald Fisher, babban masanin nan na Ingila, bai yarda da hanyarsu ba. Gardama ta ɓarke tsakaninsa da Neyman a 1935, ba ta mutu ba har Fisher ya rasu a 1962. A ganina kowannensu yana da tasa gaskiyar, amma zafin rai ya yi yawa.

A 1938 Neyman ya ƙaura zuwa Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, ya kafa ɗakin binciken ƙididdiga da ya shahara a duniya. Bai ajiye aiki ba har ya rasu a Oakland a 1981, yana da shekara 87.